Wasan Ɗan Sandan Ciki A Kwamfuta

Tun da muka komo daga hutu abokan ɗakina su ke yi mini ba'a, wai na bar koyon malanta na shiga aikin ɗan sandan ciki. Dalili kuwa shi ne, kusan kowane dare in an tashi daga karatu su kan tarar da ni na duƙufa a kan tsohuwar kwamfutar da wana ya bar mini, ina ta yi wa waɗansu mutane tambayoyi ina rubutu a takarda, alhali kuwa mutanen nan ba su da rai. To, da editan shafinmu na Hausa ya ce kowa ya kawo abin da ya sani, sai na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu irin wannan wasa, da yadda a ke yinsa, da kuma inda ya taɓa kai ni ya baro. Wannan na ƙarshe shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya shafi aikin da dukanmu muka zo nan koyo.

In an ce wasan kwamfuta, abin da yawancinmu mu ke tunawa shi ne ƙwallo, ko tseren mota, ko harbe-harbe, irin waɗanda samari ke taruwa a kansu a shagunan bakin kasuwa. Amma akwai wani iri dabam wanda saurin yatsa ba ya amfana kome a cikinsa. A nan an aikata laifi ne, yawanci kisan kai, kai kuwa mai wasa aka ɗora wa gano wanda ya yi. Za ka je wurin da abin ya faru ka dudduba, ka tsinci abin da aka yar ko aka manta. Sa'an nan ka zauna da waɗanda suka gani da waɗanda a ke zargi, ka yi musu tambayoyi. Daga bisani ka nuna mutum guda ka ce shi ne. Tambayoyin nan su ne gishirin wasan, a kansu kuma zan fi tsayawa.

Wanda na fara da shi sunansa L.A. Noire. Wani kamfani na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya mai suna Team Bondi shi ya shirya shi, kamfanin Rockstar Games kuma ya fitar da shi cikin shekarar 2011. Labarin yana faruwa ne a birnin Los Anjalis na Amurka cikin 1947, watau shekara biyu bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Kai ne Cole Phelps, tsohon soja wanda ya komo daga yaƙi ya shiga aikin ɗan sanda. Da sintiri ka ke farawa cikin kaki, sa'an nan a yi ta canja maka wurin aiki, daga sashen laifuffukan mota zuwa na kisan kai, da na miyagun ƙwayoyi, har na gobara.

Bari in ba da misali da ɗaya daga cikin ayyukan farko. An sami mota a yashe kusa da tashar kayan jirgin ƙasa, cikinta jina-jina, mai ita kuwa ba shi ba labarinsa. Duk wanda ya leƙa zai ce an kashe shi. Amma in ka buɗe bayan motar sai ka tarar da rasit na sayen alade mai rai. Mai garaje zai wuce 'yar takardar nan bai kula ba, alhali ita ce bakin zaren. Ashe jinin na alade ne, mutumin yana nan da ransa, shi da abokinsa suka ƙulla abin don ya gudu ya bar matarsa. Kome ka tsinta irin wannan, Phelps ya kan rubuta shi a littafinsa na aljihu, da littafin nan kuma za ka shiga wurin tambaya.

Ga yadda tambayar ta ke. Ka zaɓi tambaya daga littafin, mutumin ya ba da amsa, sa'an nan wasa ya tsaya yana jiranka, fuskar mutumin kuwa ta cika allon. Abu uku aka ba ka zaɓi: ko ka ce gaskiya ya faɗa, ko ka ce kana shakka, ko ka ce ƙarya ce. In ka ce ƙarya ce, dole ka fito da abin shaida daga littafin wanda ya rushe maganarsa. In ba ka da kome a hannu amma ranka bai kwanta ba, sai ka zaɓi shakka. To, da me za ka raba mai gaskiya da wanda ya kamata a yi shakkarsa? Da fuska kawai. Masu wasan sun kashe dukiya mai yawa a kan wannan. Sun riƙa zaunar da 'yan wasan kwaikwayo a wani ɗaki, kyamara 32 sun kewaye kan mutum suna ɗaukar kowane motsi na fuskarsa, har ƙiftawar ido da motsin leɓe. Saboda haka mai ƙarya a cikin wasan nan za ka gan shi yana kawad da ido, yana haɗiyar yawu, yana cizon leɓe, mai gaskiya kuwa ya dube ka ƙur bai motsa ba. Da ka zaɓa sai wani ɗan kiɗa ya tashi ya gaya maka ko ka dace ko ka kuskure, in an gama aikin kuma a ba ka taurari, mafi yawa biyar.

Mutane da yawa sun yi gunaguni a kan zaɓin nan na tsakiya, domin kai shakka kaɗan ka ke yi, amma da ka taɓa sai Phelps ya hau tsohuwar mutane da tsawa kamar ya kama ta da wuƙa a hannu. Da aka sake fitar da wasan cikin 2017 sai aka canja sunayen, suka koma ɗan sanda mai lallashi, da ɗan sanda mai tsanani, da tuhuma. Ni a ganina sunayen nan na baya sun fi faɗin gaskiyar abin da mutum ke yi a wurin.

Cikin 'yan makonni na ƙware, taurari biyar-biyar na ke samu. Na tuna da karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, na ce ashe kakanninmu sun riga Turawa gano wannan ilmi. Da wannan girman kai aka tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar firamare, aka ba ni aji biyar.

Ran nan bayan an komo daga tara, sai wata yarinya ta fashe da kuka, wai naira 1,000 da uwarta ta ba ta ta sayi littattafan rubutu sun ɓace daga jakarta. Malamar ajin ta tafi asibiti, ni kaɗai ne. Sai na ce a raina yau ga ranar ilmina. Na kira yara shida da ke zaune kusa da ita, na jera su, na riƙa tambayarsu ɗaya-ɗaya ina duban fuskokinsu. Biyar suka dube ni suka ce ba su gani ba. Na shida, wani ɗan siririn yaro mai shiru-shiru, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, muryarsa ma da ƙyar ta ke fita. Na ce, “Ɗago ka dube ni.” Ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Shi ke nan, a wurina magana ta ƙare. Na sallami sauran, na tsare shi, na yi ta maimaita masa cewa na riga na sani, ƙarya ba za ta fisshe shi ba. Na ce in ya amsa maganar za ta tsaya tsakaninmu, in ya ƙi kuwa sai gaban hedimasta, a kira ubansa. Bayan kamar rabin sa'a ya ce, “Ni ne, Malam.” Na tambaye shi ina kuɗin, ya ce ya kashe. Kashegari ya zo da naira 1,000 duk 'yan canji, uwarsa mai sayar da ƙosai ce ta haɗa masa.

A rana ta uku sai ga uwar yarinyar nan ta zo har bakin aji, ta gaishe ni, ta ce, “Malam, a yi haƙuri, kuɗin nan ashe ba ta ma fito da su daga gida ba. Na zo wanki na same su a aljihun ɗaya rigar.” Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushin kaina shi ne, ni ne ya fi cancanta in gane yaron nan. A gidanmu, yaro ba ya zuba wa babba ido in ana yi masa magana, wanda ya yi haka a kan ce ba shi da kunya. Da aka kai ni makarantar mishan kuwa, sai na tarar da wani malami wanda in yana yi maka faɗa ya kan ce ka dube shi tsakiyar ido, in ka sunkuya ya ce kana ɓoye wani abu. Na sha bulala a tsakanin ƙa'idodin nan biyu kafin in koyi wadda a ke bi a gida da wadda a ke bi a aji. Ga shi na girma na mance, na kama yaro da laifin ladabi.

Bayan wannan na shiga neman abin da masana suka gano a kan al'amarin, abin da na samu kuwa ya kamata kowane malami ya ji shi. Cikin 2006 waɗansu masana halin ɗan Adam biyu na Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara sakamakon bincike 206 da aka yi, inda aka sa mutum fiye da 24,000 su raba mai gaskiya da mai ƙarya. Sau 54 cikin 100 kaɗai suka dace. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai dace sau 50, ka ga ke nan ratar ba ta taka kara ta karya ba. Waɗanda aikinsu ke nan, irin su 'yan sanda, su ma ba su yi wa sauran mutane wani fintinkau ba. A shekarar nan kuma aka buga wani bincike da aka tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda a ke gane maƙaryaci, kusan kashi biyu cikin uku suka ce ba ya iya haɗa ido. Alhali kuwa tun 2003 DePaulo da abokan aikinta sun auna alamu 158 da a ke danganta wa ƙarya, suka tarar kawad da ido ba ya nuna kome. Watau duniya duka ta yarda da alamar da ba ta aiki. 'Yan wasan kwaikwayon L.A. Noire kuwa umurtarsu aka yi su nuna alamun nan ƙarara don mai wasa ya gane. Ni da na ke tsammani ina koyon karanta zuciya, ashe karatun wasan kwaikwayo na ke yi.

Amsa laifin da ba a yi ba ma, ashe ba ɗan ajina ne farau ba. Cikin 1989 a birnin Niyok aka kama yara biyar masu shekara 14 zuwa 16 bisa zargin sun far wa wata mata a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin. Bayan sa'o'i masu yawa ana matsa musu da tambaya, suka amsa, aka ɗaure su. Sai cikin 2002 wani mutum dabam ya ce shi kaɗai ya yi, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya tabbatar da maganarsa, aka soke hukuncinsu bayan sun riga sun ci shekaru a kurkuku. Ko shi L.A. Noire, in za a yi masa adalci, ya yi wannan gargaɗi, ni ne ban ji ba. A sashen kisan kai za ka yi ta kama maza ɗaya bayan ɗaya, wasa yana yaba maka, sai a ƙarshe ta bayyana cewa mutum guda ne ya kashe matan duka, waɗanda ka kulle ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda bai kai wurin ba tukuna ya gafarce ni.

To, ba duka wasannin nan ne suka dogara ga fuska ba, waɗanda na koma yi yanzu wata hanya suka bi. Akwai Phoenix Wright: Ace Attorney na kamfanin Capcom, wanda Shu Takumi ya tsara. Ya fara fita a Japan cikin 2001, aka juya shi da Turanci cikin 2005. A nan kai lauya ne mai kare wanda a ke tuhuma. Mai ba da shaida zai yi bayaninsa, a yanka bayanin jimla-jimla, kai kuwa abu biyu kaɗai ka ke iyawa: ko ka matsa masa ya ƙara bayani a kan wata jimla, ko ka ɗora abin shaida a kan jimlar da ta saɓa masa. A shari'ar farko, mai shaida ya ce da ƙarfe ɗaya na rana ya ga gawar, takardar likita kuwa ta ce tsakanin ƙarfe huɗu da biyar matar ta mutu. Da aka nuna masa, sai ya ce ai a talabijin ya ji an faɗi lokacin. Amma ga takarda ta nuna an ɗauke wuta a gidan tun tsakar rana har ƙarfe shida. Wannan kam ko ba a yi mana bayani ba mun san talabijin ba ta magana in babu wuta. Haka ya yi ta toshe wannan rami yana buɗe wancan, har ta fito cewa abin da aka buge matar da shi agogo ne mai faɗin lokaci da murya, shi ya ji sa'ad da ya ke dukanta, agogon kuwa yana kan lokacin birnin Faris inda ta komo daga tafiya. Ka lura, ba a tambayi fuskarsa kome ba. Bakinsa aka bari ya yi ta zuba, aka riƙa gwama maganarsa da abin da ke rubuce.

Her Story kuma, na wani Bature ɗan Ingila mai suna Sam Barlow, ya fito cikin 2015. An zaunar da kai gaban tsohuwar kwamfutar 'yan sanda mai ɗauke da hira bakwai da aka yi da wata mata cikin 1994 bayan mijinta ya ɓace. An yayyanka hirar gutsure 271, ba ka jin tambayoyin, sai amsoshinta. In ka rubuta kalma, a fito maka da gutsattsarin da ta faɗi kalmar a ciki, amma biyar na farko kaɗai za a nuna maka. Dole ka saurara da kyau ka tsinci sabuwar kalma daga bakinta, ka riƙe abin da ta ce ran farko ka gwada da na ran ƙarshe. A nan na fara ajiye takarda da fensir kusa da ni.

Wanda ya fi horar da ni shi ne Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, na shekarar 2018. Wani jirgin ruwan fatake ne ya ɓace da mutum 60, sai cikin 1807 ya ɓullo a gaɓar Ingila ba mai rai ko ɗaya a ciki. Kai ma'aikacin inshora ne, an ba ka wani agogon aljihu mai nuna maka daidai lokacin da kowace gawa ta mutu, da 'yar maganar da aka yi kafin nan. Aikinka ka rubuta sunan kowa, da yadda ya mutu, da wanda ya kashe shi in akwai. Da kayan jikin mutum za ka gane shi, ko harshensa, ko lambar ragar da ya ke kwana a ciki. Dabarar da ta burge ni ita ce, wasan ba ya gaya maka ka dace sai ka cika mutum uku daidai. Saboda haka in ka yi zato a kan ɗaya, za ka zauna da zatonka ba ka san matsayinsa ba, sai ka koma ka nemo hujja. Aji ma haka ya ke, har ya fi, domin a aji ba kiɗan da zai tashi ya ce maka ka kuskure.

Hanyar nan ta barin mutum ya yi magana a gwada da shaida, ita ce 'yan sandan gaske na waɗansu ƙasashe suka koma wa. A Ingila da Wales, tun 1992 aka fito da tsarin da ya mai da hankali ga neman bayani maimakon matsa wa mutum ya amsa laifi. A ƙasar Suwidin kuma, Maria Hartwig da abokan aikinta sun buga wani gwaji cikin 2006, inda suka koya wa waɗansu ɗaliban aikin ɗan sanda su ɓoye shaidar da ke hannunsu, su bar mutum ya gama labarinsa, su tambaye shi dalla-dalla, sa'an nan su fito da ita. Waɗanda aka koya wa sun dace sau 85 cikin 100, waɗanda ba a koya wa ba kuwa sau 56. Da na yi haka ran nan, da tambayar farko yarinyar zan yi wa, in ce yaushe ta ga kuɗin nan da idonta, a gida ko a makaranta. Ban tambaye ta ba ko sau ɗaya.

Ga wanda ke sha'awar gwadawa, Phoenix Wright ya fi sauƙin farawa, ana kuma samunsa a waya. Dukansu suna bukatar Turanci mai ɗan ƙwari, suna kuma ƙara shi. L.A. Noire na manya ne, akwai jini da zage-zage a ciki, kada a ba ƙanne. Kada kuma a fara ko ɗaya daga cikinsu ana saura mako biyu jarrabawa, na gwada na ga yadda ta ke ƙarewa.

Kuɗin ƙosan nan kuwa, ni da malamar ajin muka kai wa uwar yaron har gida, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta karɓa ta ce ba kome, amma ba ta dube ni ba. Na kuma tsaya gaban aji na faɗa da bakina cewa yaron bai ɗauki kome ba, ni ne na yi kuskure. Ran da zan bar makarantar na kira shi gefe, na ce, “Me ya sa ka ce kai ne, alhali ba kai ba ne?” Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, yana murza bakin rigarsa, ya ce, “Malam, na ga so ka ke in ce ni ne. Kuma ka ce in na amsa ba za a kira Baba ba.”